Mai Fuka-fuki Ma Yana Da Doka

Masu buga diraf a gindin itatuwa da bakin kantuna, tun daga unguwar Mayo Gwoi ta Jalingo har zuwa Sabon Garin Kano, sun san wani abu wanda ba sai an karanta musu shi cikin littafi ba. Ɗan diraf taki guda yake yi, daga gidan da yake zuwa na gabansa. Amma ran da ya ratsa allon nan mai gida 100 ya kai layin ƙarshe aka naɗa shi sarki, to, ya bar tafiya ke nan, sai tashi. Yana iya ƙetare gida bakwai ko takwas a lokaci guda, ya sauka inda ya ga dama, ya ci na nesa kamar yadda yake cin na kusa. Saboda haka ne sarki uku kan taru a kan sarki ɗaya su kasa kama shi, muddin ya riƙe doguwar hanyar nan da ta raba allon biyu. A irin diraf ɗin da ake bugawa a Ingila kuwa, mai gida 64, inda sarki ba ya tashi, sau da yawa sarki biyu sun isa su gama da ɗaya.

Duk da haka, waɗanda suka tsara wasan ba su saki sarkin nan haka kawai ba, sun gindaya masa sharaɗi biyu. Na farko, ba a fara wasa da shi, sai ya sha wahalar ƙetare allo tukuna. Na biyu, dokar ci ta hau kansa kamar yadda ta hau kan kowa, watau in an miƙa masa tilas ya ci, ko da cin nan zai fitar da shi daga mafakarsa. Da wannan ne gwanaye kan yi masa tarko, su ba shi ɗa guda su kama shi. A Afirka ta Kudu ma akwai wasan da ake kira morabaraba, mai kama da darar Hausawa, inda kowa ke farawa da 'ya'ya 12 waɗanda suke kira shanu. A can ba a yarda saniya ta tashi zuwa gidan da ta so ba sai mai ita ya karye, saura uku kaɗai gare shi. Watau an ajiye tashin ne don taimakon wanda ya kusa faɗuwa.

Wannan mas'ala, ta yadda za a yi da mai tashi a cikin masu tafiya a ƙasa, ita ce ta fi shekara hamsin tana wahalar da masu wani irin wasa da ya fito daga Amurka, wanda a yanzu ya fara shigowa ƙasar nan. Ya kamata masu karatu su san yadda aka yi ta fama da ita, domin akwai darasi a ciki ga duk wanda ke son ya mai da tatsuniyoyin Hausa wasan da yaran zamani za su zauna su yi.

WANE IRIN WASA NE?

A watan Janairu na shekarar 1974 ne waɗansu mutum biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan da suka sa wa suna Dungeons & Dragons. Wani ƙaramin kamfani mai suna TSR, a garin Lake Geneva cikin Jihar Wisconsin, shi ne ya buga shi, 'yan littattafai uku cikin kwali, guda 1,000 a bugun farko. Abin da ya fi kama da shi a ƙasar Hausa shi ne tatsuniya, sai dai tatsuniya ce wadda masu sauraro ke da baki a cikinta. Mutum huɗu ko biyar kan zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi: wannan mayaƙi, wancan maharbi, ɗayan kuma mai magani. Akwai uban wasa, wanda shi ne mai ba da labari kuma shi ne alƙali. Shi zai faɗi abin da ke gabansu, su kuma su faɗi abin da za su yi. In abin da mutum ya ce zai yi yana da wuya, sai ya jefa ƙwaya irin ta ludo, lambar da ta fito ita za ta nuna ko ya dace ko bai dace ba. Kowa yana da maki na rai a rubuce a takardarsa, in aka sare shi a rage, in suka ƙare ya faɗi.

Ba a cin kowa a wannan wasa kamar yadda ake ci a dara. 'Yan wasan duka gefe guda suke, daɗin abin kuwa yana cikin yadda za su haɗa kai su warware wahalar da uban wasa ya ajiye musu. A nan ne fuka-fuki ke kawo rikici.

A ɗauka waɗansu samari a Mayo Gwoi sun zauna yin wannan wasa, uban wasa kuma ya zana musu taswirar unguwarsu. Mayo dai da Fulatanci kogi ke nan, unguwar kuwa daga kogin ta samo sunanta, kuma mazauna wurin sun san yadda ruwansa ke ja baya da rani ya cika ya tumbatsa da damina. Sai uban wasa ya ce: ga watan Agusta, kogi ya kawo, a cikin labarin nan babu gada, ga kuma maras lafiya a wancan ƙetare yana jiran magani kafin rana ta faɗi. Nan take kowa ya sami aiki. Mai bakin ciniki zai nemi mai kwalekwale ya lallashe shi, mai ƙarfi zai gwada iyo da igiya a ƙugu, makiyayi zai tuna da mashigin da shanu ke bi, a yi ta shawara da gardama da dariya har sa'a guda. To, amma in akwai ɗaya daga cikinsu da aka rubuta masa fuka-fuki a takardarsa, abin da zai ce kawai shi ne ya ɗauki maganin ya tashi ya kai. Cikin minti ɗaya labari ya ƙare, sauran huɗun sun zama 'yan kallo.

Haka abin yake in an zo faɗa. Kura da zaki da ɗan fashi mai adda duk ba su da yadda za su yi da wanda ya yi sama ƙafa 100 yana sako musu kibiya, alhali kuwa a dokokin wasan na shekarar 2014 babban baka yana kai ƙafa 150 ba tare da an rage wa mai harbi komai ba. Ganuwa da rami da ƙaya da laka, duk abin da uban wasa ya kwana yana shiryawa, sun tashi a banza. Bugu da ƙari, tebur shimfiɗaɗɗe ne, yana nuna gabas da yamma, kudu da arewa, amma ba ya nuna sama. Sai dai a ajiye wata alama kusa da gunkin mai tashi don a tuna nisansa da ƙasa, sa'an nan a koma ga lissafin makaranta: wanda ke ƙafa 40 a gabanka kuma ƙafa 30 a sama, tsakaninku ƙafa 50 ne.

YADDA AKA YI TA GYARA DOKAR

Tun a bugun farko na 1974 masu wasan sun ga wannan matsala. A littafi na uku sun sa dokokin faɗa a sararin sama, waɗanda suka aro daga wani wasa na yaƙin jiragen sama na Yaƙin Duniya na Ɗaya, mai suna Fight in the Skies, wanda Mike Carr ya ƙago. Watau sun ɗauki dodo mai fuka-fuki tamkar jirgin sama, wanda ba ya iya tsayawa cik, ba ya kuma iya juyawa nan take.

A shekarar 1979 Gygax ya faɗaɗa wannan a cikin littafin da ya rubuta domin uban wasa. Ya kasa masu tashi kashi biyar bisa ga iya juyinsu. Kashin farko, inda ya sa aljanu da halittun iska, suna iya juyawa baya gaba ɗaya a zagaye guda na wasa. Kashi na ƙarshe kuwa, inda ya sa babban macijin nan mai fesa wuta wanda wasan ke ɗauke da sunansa, sai ya yi zagaye shida kafin ya fuskanci inda ya fito. Ya kuma ce mai fuka-fukin da ya rasa fiye da rabin makinsa na rai tilas ya sauka, wanda ya rasa fiye da kashi uku cikin huɗu kuwa faɗowa zai yi. Dokar tana da ma'ana ƙwarai, domin ta ba na ƙasa dabara: su jira dodo ya wuce, su harbe shi ta baya kafin ya kewayo.

Kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, ya fito da sabon bugu a shekarar 2000, ya riƙe kashi biyar ɗin nan ya kuma ƙara musu ƙa'idodi. Aka rubuta wanda zai iya tsayawa wuri guda a sama da wanda ba zai iya ba, aka ce kashi uku na ƙasa tilas su ci gaba da tafiya aƙalla rabin saurinsu ko su faɗo, hawa sama yana cin rabin sauri ga mafi yawansu, gangarowa kuma yana ninka shi. Har yawan ƙafar da za a yi kafin a karkata an ƙayyade. Komai ya yi daidai a takarda, amma a kan tebur sai wasa ya tsaya cik ana duba jadawali, faɗan da ya kamata a gama cikin minti goma ya ci dare. Da yawa daga masu wasan sai suka riƙa tsallake shafin.

Saboda haka a bugun 2014 aka share kusan duka. Aka bar mai tashi ya juya yadda ya so, aka riƙe doka guda mai sauƙin tunawa: in aka kayar da shi, ko aka ɗaure shi, ko aka hana shi motsi, to, ya faɗo, sai fa in yana cikin 'yan kaɗan ɗin da aka rubuta musu iya tsayawa a iska. Kowace ƙafa 10 ta faɗuwa kuma ƙwaya ɗaya za a jefa a rage masa maki, har zuwa ƙwaya 20. Sabon ɗan wasa yakan fara ne da maki kamar goma, saboda haka faɗowa daga ƙafa 30 ta isa ta kwantar da shi. An kuma jinkirta tashin kansa: mai siddabaru ba ya samun ikon tashi sai ya kai mataki na biyar, kuma na minti 10 ne kawai.

Shekara guda bayan haka, a 2015, kamfanin da kansa ya warware abin da ya ɗaura. Ya ba 'yan wasa izinin zama wata halitta rabi mutum rabi tsuntsu, mai suna aarakocra, wadda ke tashi ƙafa 50 a zagaye guda tun daga ranar farko, alhali mutum a ƙasa ƙafa 30 yake yi. Abin da kawai aka hana ta shi ne sa sulke mai nauyi ko matsakaici. Gardama ta kaure a tsakanin masu wasan, har ƙungiyar Adventurers League, wadda ke shirya wasannin kamfanin a kantuna da tarurruka, ta daɗe tana hana a shiga wasanninta da wannan halitta. A 2022 aka rage saurin tashinta ya koma daidai da tafiyarta a ƙasa, watau ƙafa 30. A littafin 2024 kuwa, jinsin mutanen da aka ce jikokin dodo ne ba sa fitar da fuka-fuki sai sun kai mataki na biyar, na minti 10, kana su huta kafin su sake. Wani kamfani dabam, Paizo, a bugu na biyu na wasansa Pathfinder da ya fito a 2019, ya bi wata hanya: kowane ɗan wasa yana da aiki uku da zai iya yi in zagaye ya zo kansa, mai tashi kuwa tilas ya kashe ɗaya daga ciki wajen kaɗa fuka-fuki, in bai yi ba ya faɗo.

Wanda ya duba wannan tarihi zai ga an gwada doka mai yawa ta gajiyar da mutane, an gwada sakin linzami ya ɓata wasa, a ƙarshe aka dawo inda masu diraf suke tun da daɗewa: a jinkirta tashi, kuma a sa masa farashi wanda kowa a teburin zai iya riƙewa a ka.

ABIN DA TSUNTSAYE KE BIYA

Ba masu wasa ne suka ƙago wannan farashi ba, a jikin tsuntsaye yake. In aka ninka tsuntsu sau biyu ta kowace fuska, nauyinsa zai ƙaru sau takwas, amma faɗin fuka-fukinsa sau huɗu kaɗai. Wannan ya sa tsuntsayen da suka fi nauyi a cikin masu tashi, dangin tuje na Afirka, ba sa wuce kilo 18 ko kusa da haka, kuma sai sun ga babu makawa suke barin ƙasa. Jimina kuwa, wadda ke wuce kilo 100, ta haƙura da sama ta riƙe gudu.

Mikiya, babbar 'yar'uwar ungulu, ita ce tsuntsuwar da aka taɓa samu a wuri mafi nisa da ƙasa. Ran 29 ga Nuwamba, 1973, ɗaya daga cikinsu ta yi karo da jirgin sama a kan birnin Abijan, a nisan ƙafa 37,000. Amma wannan gwanar ba ta iya tashi da sassafe yadda ta so, sai ta jira rana ta gasa ƙasa iska mai zafi ta fara hawa, sa'an nan ta shimfiɗa fuka-fuki ta bi ta. In kuma ta cika ciki da mushe, sai ta yi ta sassarfa tana kaɗa fiffike kafin ta ɗaga. Hausawa sun kira helikwafta jirgi mai saukar ungulu, amma ba su ce mai tashin ungulu ba. Tsattsewa kuwa, wadda masana a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin suka nuna a 2016 cewa wani irinta na iya yin wata goma bai sauka ba, ƙafafunta gajeru ne ƙwarai, har ba ta iya tafiyar kirki a ƙasa. Zabo da fakara suna da ƙarfin tashi farat ɗaya, amma ba sa nisa. Shirwa na ɗaukar ɗan tsako, ba ta ɗaukar kaza.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan doka ce a shirye. Mai nauyi yana bukatar filin gudu, mai nisa yana jiran rana, mai daɗewa a sama ba shi da ƙafa a ƙasa, mai saurin tashi yana saurin gajiya, kuma babu wanda ke tashi da kaya fiye da ƙima. Har dardumar nan mai tashi da masu wasan suka aro daga hikayoyin Larabawa, a littafin 2014 an bi da ita ta wannan hanya: ƙarama ta fi sauri amma kayanta kaɗan ne, babba ta fi ɗaukar kaya amma tana tafiyar hawainiya, in kuma aka yi mata lodi fiye da ƙa'ida saurinta ya ragu da rabi.

GASHIN ARO NA GIZO

Akwai kuma wata doka wadda littattafan Amurka ba su kai gare ta ba, alhali tsofaffin mata a ƙasar Hausa sun daɗe suna koya wa jikokinsu ita da dare. Kowa ya san labarin Gizo da hankaki. Ana yunwa, hankaki suna zuwa cin ɓaure a wata itaciya da ke tsakiyar kogi, inda mai ƙafa ba ya kaiwa. Gizo ya roƙe su, kowane hankaka ya ciro gashi guda ya ba shi, aka liƙa masa, ya tashi tare da su. Da aka isa, duk ɓauren da wani ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga ganinsa, har ya hana masu gashin ci. Su kuwa ba su yi faɗa da shi ba. Kowa ya zare gashinsa, suka tashi suka bar shi a kan itaciya, ruwa ta ko'ina, ƙarshenta ya faɗa kogi wurin kada.

In aka dubi tatsuniyar nan da idon mai tsara wasa, za a ga ta warware matsalar Mayo Gwoi ɗin can sarai. Kogin yana nan bai gushe ba, domin shi ne ya ba tashin daraja, shi ne kuma ya zama hukunci a ƙarshe. Tashin ba na Gizo ba ne, na jama'a ne, an tara masa shi gashi-gashi. Kuma waɗanda suka ba shi suna da ikon karɓewa ran da ya manta da su. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara. Dokokin Dungeons & Dragons duka suna auna mai tashi ne da iska da nauyi da nisa. Tatsuniyar Gizo kuwa ta auna shi da abokan tafiyarsa, waɗanda su ne ainihin masu asara in ya tashi ya bar su.

Mai shirya wasa da Hausa yana iya ɗaukar wannan kai tsaye, ba tare da jadawali ba. A ba kowane ɗan wasa tsakuwa uku, irin na dara, a ce gashi ne. Wanda zai tashi ba shi da nasa da zai ishe shi, sai sauran sun ara masa. Ƙetare kogi tsakuwa huɗu, da kaya a hannu takwas, cikin ruwan sama kuwa babu tashi sam, domin jiƙaƙƙen gashi ba ya ɗaukar kowa. Tsakuwar da aka kashe ba ta dawowa sai an kwana a cikin labarin. Wanda ya ara kuma yana iya janye tasa a kowane lokaci, in ya ga mai tashin ya fara halin Gizo. Ta haka maganin nan zai iya ƙetare Mayo Gwoi ta sama, amma sai mutum biyar sun zauna sun yanke shawara ko ya cancanci a kashe gashin yau, ko a ajiye shi saboda abin da ke jiransu gobe a kan duwatsun Mambila. Shawarar nan kuwa ita ce wasan.

Wannan tsari yana da wani amfani kuma. Iyaye da yawa ba za su yarda a shigo musu gida da wasan jefa ƙwaya ba, domin malamai da dama sun yi hani da shi bisa ga hadisin da ya zo a kan nardi, ga kuma kusancinsa da caca, wadda ta riga ta cinye aljihun samari ta wayar hannu. Ba tilas ne wasan labari ya dogara da ƙwaya ba. Tun a 1991 wani mai suna Erick Wujcik ya fito da irin wannan wasa, mai suna Amber, wanda babu jefa komai a cikinsa. Ƙidayar tsakuwa lissafi ne da shawara, kamar dara, babu sa'a a ciki.

SAURA MASU RUBUTAWA

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A Abuja akwai kamfanin NIBCARD, wanda Kenechukwu Ogbuagu ya kafa, mai ƙera wasannin kan tebur da shirya taron masu yin su, kuma a 2021 ya karɓi lambar yabo ta Diana Jones, wadda ake ji da ita a duniyar waɗannan wasanni. A waje ma an yi ƙoƙarin gina wasan labari a kan al'adun Afirka, kamar Nyambe da ya fito a Amurka a 2002. Amma kayan da Hausa ke da su a wannan fanni suna nan jibge: Gizo da Ƙoƙi, Dodo, Botorami, hankaka da shaho da jemage wanda ya ƙi zama tsuntsu ya ƙi zama dabba. Jihar Taraba kuwa, mai kogin Binuwai da gandun dajin Gashaka Gumti da dutsen Chappal Waddi wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, taswirar wasa ce wadda ba ta bukatar ƙari.

Abin da ya rage shi ne malaman makarantu da ɗaliban Hausa da marubuta su zauna su rubuta. In sun zo rubutawa kuwa, kada su bar maganar fuka-fuki sai wasa ya yi nisa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Uban wasan da ya ba yaro fiffike yau ya ce zai ƙwace gobe don ya ga labarinsa na lalacewa, rigima zai jawo, yaron kuma yana da gaskiya in ya ce an zalunce shi. A faɗi dokar tun kafin a zauna, a taƙaice yadda ɗan shekara goma zai iya maimaita ta: wane ne zai tashi, yaushe, da me zai biya, kuma wa ke da ikon saukar da shi. In an amsa waɗannan huɗu, to, a bar yaro ya tashi.